Muryar da Ba Ta Kai Ɗaya Ba

Akwai wata safiyar Asabar a Agyaragu da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da tsufa zai share min komai a ka. Shekaru sun ja, na yi ayyukan da suka fi na ranar girma nesa ba kusa ba, amma har yau in na ga sabuwar doya ta shigo kasuwar Lafia, sai ranar ta dawo min sabuwa fil, da kunyar da na sha da kuma godiyar da nake yi.

A lokacin ina da ɗan shago a bakin titi cikin Lafia, ina gyaran kwamfuta da waya. Gyaran shi ne abincina, amma abin da nake taƙama da shi rubuta manhaja ne. Ni na koya wa kaina, ba wanda ya riƙe min hannu, shi ya sa kaina ya kumbura fiye da iyawata. In mutum ya ce min ga gyara a aikina, kafin ya rufe baki na tanadi amsa uku.

Ina da wani aboki tun muna sakandare, malamin firamare ne, ɗan Agyaragu, wani gari kusa da Lafia. A farkon shekarar mahaifiyarsa ta rasu. Wata rana ya zo shagona ya zauna a kan benci, ya ba ni labarin wata al'ada ta gidansu. Duk shekara in sabuwar doya ta fito, ba wanda zai sa ta a baki sai an dafa tukunyar farko an daka sakwara. Yayin da ake dakan, tsohuwar da ta fi kowa shekaru takan zauna kusa da turmi ta yi wata doguwar waƙa da yarensu, tana kiran sunayen mamatan gidan tun daga na can baya. Sau ɗaya ake yi a shekara, kuma in an gama an gama, ba a maimaitawa. Kakarsa ta wajen uwa ce ke yi. Mahaifiyarsa ce take koya a hankali don ta gada, sai ga shi ta riga tsohuwar tafiya. Ya ce, "Yanzu duk gidanmu babu wanda ya riƙe ko rabin sunayen nan. Kaka kuma ka ga ƙarfinta ya ƙare. Abeg, ka taimaka mu ɗauka bana."

Ya taɓa gwada ɗaukar wasu waƙoƙinta da waya, ƙarar taɓarya ta danne muryar gaba ɗaya. Don haka ya samo wani ɗan akwatin sauti mara suna a kasuwa, mai ramin makirfo biyu, muka shirya za mu haɗa shi da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, mai aiki da batir, tunda ba mu da tabbas da wuta. Matsalar ita ce akwatin da kwamfutar ba sa jin maganar juna. Sai an rubuta wata ƙaramar manhaja mai shiga tsakani, wadda muke kira direba. Na buga ƙirji na ce wannan ai aikina ne.

Mako biyu na yi a kai, kuma gaskiya ya yi aiki. A cikin abin da direban yake yi har da mita, wato ma'aunin da ke nuna ƙarfin sauti, koren layin nan da ke hawa yana sauka in ana magana. Akwatin yana ba da ƙarfin sautin ne da lamba mai faɗi sosai, daga sifili har sama da dubu talatin da biyu. A cikin direba kuwa ba a aiki da lambobi masu ɗigo kamar yadda ake yi a kalkuleta, don haka hanya biyu ce a gabana. Ko dai in raba lambar ta koma cikakkiya daga sifili zuwa ɗari, duk abin da ya yi saura in zubar, ko kuma in yi abin da ake kira tsayayyen ɗigo, wato in yanka kowane ɗaya zuwa ƙananan kaso, in riƙa ƙirga kason, ni da manhajar da ke nuna mitar a allo mu yi yarjejeniya a kan inda ɗigon yake. Ta farko kamar mai awon hatsi ne da ba ya ƙirga komai sai cikakken mudu, rabin mudu a wurinsa babu ne. Na karanta muhawarar masu wannan sana'a a intanet, wasu na cewa kaza wasu na cewa kaza, na ɗauki ta farko ko tunani ban tsaya yi ba. A raina na ce mita ai ado ce, wa zai damu da rabi da kwata?

Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai iyayi ya sa na ƙara wata dabara. Na tsara cewa in mita ta zauna a sifili na daƙiƙa uku, rikoda ta dakata da kanta, jar fitilar da ke nuna ana ɗauka ta mutu, sai sauti ya dawo ta ci gaba. Wai don kar a cika katin ajiya da shiru. Na gwada ya fi sau ashirin, bai taɓa ba ni matsala ba. Abin da ban lura da shi ba, a shagona nake gwajin, ga janaretan maƙwabta, ga masu babur, ga ni da murya kamar mai tallar magani a tasha. In ina so in ga sifili sai na zare makirfo. Ban taɓa gwada shi da murya mai sanyi a wuri mai shiru ba.

Kusa da shagona akwai wata mata mai sayar da kayan masarufi, kowa Anti yake ce mata. Ta yi shekaru masu yawa a wani gidan rediyo tana bayan na'ura, ita ke murɗa maɓallan sauti, kafin ta yi ritaya. Ita kuma "Injiniya" take kirana, da wata irin murya da ba ka gane yabo ne ko zolaya. Muka je aron makirfo wurinta, don tana da guda biyu masu kyau da take ajiye a cikin gwangwanin biskit, a naɗe da tsohon ɗankwali. Ta ce, "Zan ba ku, amma inda makirfona ya je ƙafata tana wurin." Raina bai so ba. Na ɗauka za ta je ta cika mu da labarin zamanin kaset ne. Da ta biye wa fuskar da na yi ranar ta fasa zuwa, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Muka isa Agyaragu da hantsi, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Gidan cike da dangi, wasu daga Lafia, wasu daga nesa, kuma ba wanda ya karya, kowa na jiran sakwarar farko. Kaka na zaune a kan 'yar kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro, 'yar ƙarama da ita, idonta tar. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta dubi akwatin da nake ta haɗa wa wayoyi ta ce, "Yaro na, wannan akwati naka, Hausa yake ji ko yare?" Na ce, "Duka yake ji, Kaka." Aka yi dariya, ni ma na yi, ina jin kaina.

Mata suka fara feraye doya. Anti ta kafa makirfo ɗaya kusa da bakin tsohuwar, ɗaya can gefen turmi, ta sa abin ji a kunnenta ta ce a yi gwaji. Ta roƙi Kaka ta ɗan rera wata waƙar niƙa, ba waccan ta sunaye ba. Tsohuwa ta fara da ƙarfinta, koren layi ya hau goma sha wani abu, na kalli abokina na ɗaga masa gira. Can sai muryar ta yi ƙasa. Layin ya sauka biyu, ɗaya, sifili. Bayan daƙiƙa uku jar fitila ta mutu.

Anti ta ce, "Injiniya, me ya kashe fitilarka?"

Na ce, "Shiru aka yi, Anti. Haka na tsara shi, in an yi shiru ya huta."

Ta ce, "Dubi bakinta."

Na duba, leɓen tsohuwar na motsi. Amma don taurin kai sai na ce, "Motsa baki kawai take yi. Ga mita nan, sifili ta nuna." Anti ba ta yi min gardama ba. Ta cire abin jin daga kunnenta ta ɗora min a ka. Wallahi muryar tana nan, siririya amma garau, kowace kalma a fili, har numfashin da take ja tsakanin baiti da baiti ina ji. Ina ji da kunnena, ina kallon na'urar da na gina tana rantsuwa cewa babu kowa.

Abokina ya matso ya ce me ya faru. Da na yi masa bayani sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kai, ai sunayen duka haka take kiran su. A gidanmu ba a ɗaga murya a kan wanda ya mutu. Amshi ne kawai ake yi da ƙarfi." Ashe da mun koma Lafia da ƙarar taɓarya da amshin mata, duk wurin da suna yake na'ura ta tsallake shi. Abin da ya fi ba ni tsoro, ni ba na jin yarensu. Da na saurara a shago sai in ji waƙa tana tafiya sumul, in miƙa masa ina jiran yabo.

Anti ta ja ni gefe, ba a gaban mutane ba, kuma wannan ma ban manta mata ba. Ta ce, "Mitar taka daga nawa zuwa nawa take ƙirgawa?" Na ce daga sifili zuwa ɗari. Ta ce, "To tsakanin sifili da ɗaya fa, me ke ciki?" Na ce babu komai, duk abin da bai kai ɗaya ba zubarwa ake yi. Ta nuna Kaka da haɓa ta ce, "Ga abin da ke ciki can a zaune."

Ni mai amsa uku, sai na koma neman mafita. Na ce bari in cire dabarar dakatawar kawai, minti biyu ne. Ta ce, "Cire ta, dama ba ta da amfani. Amma mitar ma sai ka gyara. In aka fara daka ba zan iya dogara da kunne kaɗai ba, ƙara za ta cika min kai. Dole in ga muryarta da ido, in ɗaga in ta yi ƙasa, in sauke kafin amshi ya fasa. Ba zan yi aiki da ma'aunin da ke min ƙarya ba." Na ce ina bukatar lokaci. Ta ce nawa? Na ce ko rabin awa da 'yan kai. Ta dubi matan da ke feraye, ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Je ka yi aikinka."

Abin da ta yi har yau in na tuna sai na yi dariya. Ta je ta zauna cikin matan ta karɓi wuƙa, wai ita baƙuwa ce, a bar ta ta sami ladan feraye. Ban taɓa ganin an feraye doya a hankali irin na ranar ba. Ta yanka kaɗan, ta tsaya ta tambayi wace irin doya ce wannan, a wace gona aka haƙo ta, wa ya yi kunyar da aka shuka ta a kai. Ta ɗaga wata ta juya ta tana yabawa kamar za ta saya. Matan suna ta ba ta amsa, ba su san lokaci take saya min ba. Kaka kaɗai ta gane. Ina ji ta ɗaga murya ta ce, "Madam, in kin gama hira da doya, ki gaya ma mai akwati mutane na jin yunwa."

Ni kuwa ina zaune a kan wani tsohon turmi da aka kifar, kwamfutata ta aiki a cinya. Gyaran kansa ba shi da yawa, shi ne ma abin haushin. Layi ɗaya ne. Maimakon in raba in zubar da saura, sai na fara ninka lambar sau ɗari biyu da hamsin da shida kafin in raba. Ta haka kowane ɗaya ya zama yana da kaso ɗari biyu da hamsin da shida a cikinsa, rabi ya zama ɗari da ashirin da takwas, kwata ya zama sittin da huɗu. Har yanzu cikakkun lambobi ne direba yake miƙawa, amma babu abin da ya zube. Na haɗa, na loda, na kunna. Ana ɗora tukunya a wuta a daidai lokacin.

Sai koren layi ya harba can ƙarshe ya maƙale, ko tari aka yi sai ya cika allo. Abokina na tsaye a kaina yana cewa, "Oga, lafiya dai ko?" Na ce masa ya matsa ya ba ni iska, da wata murya da daga baya sai da na ba shi haƙuri. Na yi minti biyar ina zargin akwatin, ina zargin waya, kafin na gane ni ne dai. Na canza direba amma ban gaya wa manhajar allo ba. Direba na cewa ɗari biyu da hamsin da shida yana nufin ɗaya, ita kuma tana ɗaukarsa yadda ya zo. Tsayayyen ɗigo yarjejeniya ce, in ɓangare ɗaya bai san da ita ba aikin banza ne. Na gyara can ma, na kuma buɗe ƙasan ma'aunin yadda ƙananan lambobi za su sami fili a allo, kamar yadda Anti ta ce mitocin ɗakin rediyo suke.

Kaka ta ce, "Doya ya nuna fa." Na ce Anti ta zo. Ta sunkuya kusa da makirfo ta yi raɗa, ta ce, "Injiniya, kana ji na?" Koren layi ya ɗaga kaɗan, ya yi rawa, ya sauka. Jar fitila tana nan a kunne. Ta miƙe ta ce, "Yanzu ka yi mita."

Aka juye doya a turmi, mata biyu suka kama taɓarya. Tsohuwa ta rufe ido ta fara. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma na gane tsarin. Sai ta yi baiti da ƙarfi, mata su amsa, sannan ta yi ƙasa da murya ta kira suna. Duk sanda ta yi ƙasa, sai in ga yatsun Anti sun murɗa maɓalli a hankali, idonta a kan layin nan da ke lilo a can ƙasa, wurin da awa ɗaya da ta wuce babu komai. Haka aka yi ta tafiya, suna bayan suna, gidan ya yi tsit in ban da taɓarya. Can wajen ƙarshe tsohuwar ta tsaya. Masu daka ma suka tsaya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na ɗauka ta gama. Sai layin ya motsa, ɗan motsi kaɗan, wanda ya fi duk na baya ƙanƙanta. Abokina ya juya baya ya rufe fuskarsa da hula.

A mota muna komawa ya gaya min abin da na riga na zata. Sunan mahaifiyarsa ne. Ranar ce rana ta farko da aka sa ta cikin waƙar, kuma uwar da ta haife ta ce ta kira ta. Da na isa shago na buɗe wurin a rikodin na duba lambar da akwatin ya bayar tun kafin Anti ta ɗaga sautin, ba ta fi kashi ɗaya cikin uku na ɗaya ba. A lissafina na farko sifili ce, kuma shirun da ya gabace ta ya isa ya kashe fitila sau da yawa.

Kaka ba ta ga wata sabuwar doyar ba, ta rasu kafin damina ta zagayo. Ƙanwar mahaifiyar abokina ce ta zauna da rikodin nan wata da watanni tana bi tana haddacewa, kuma ita ta zauna kusa da turmi a shekarar da ta biyo. An ce min da ta zo ƙarshe ta ƙara suna ɗaya, na tsohuwar.

Anti ba ta taɓa ba wa kowa labarin kuskurena ba. Iyakarta in ta gan ni da wani sabon aiki ta leƙo ta ce, "Injiniya, ka dai duba tsakanin sifili da ɗaya ko?" Na yi mata godiya sau da yawa, kullum sai ta ce ita doya kawai ta feraye. Amma ni na san abin da ta yi min. Ta hana ni zama mutumin da ya ɓatar wa wani gida da sunayen iyayensu, kuma ta yi hakan ba tare da ta tozarta ni a gaban jama'a ba. Allah ya saka mata da alheri.

Abin da ranar ta koya min shi ne, lambar da na'ura ta nuna ba ita ce gaskiya ba, abin da mai rubuta manhajar ya yarda a gani ne kawai. Ban daina amfani da cikakkun lambobi ba, akwai wuraren da su ne daidai. Amma tun daga ranar ban sake zubar da saura don kawai ya fi min sauƙi ba, sai na tsaya na tambayi kaina wa zai iya kasancewa a ciki. Kuma in wanda ya daɗe yana saurare ya ce min yana jin abu, mitata kuma ta ce babu, mitar nake fara tuhuma. Na taɓa ganin uwa tana kiran 'yarta da ta rasu, ni kuma lissafina yana cewa ba wanda ya yi magana.